Musayar Waƙa: Ƙwayar Alkama a Gida 64

Mai Alli: Ga tayi. Marubucin tarihi Ibn Khallikan ya kawo labarin Sissa, wanda aka ce shi ya ƙirƙiro wa sarki darar Indiya mai gida 64. Sarki ya ce ya faɗi ladansa, sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa. Jimilla 18,446,744,073,709,551,615. Amsa-amo "ra".

Sarki ya raina roƙon mai dara,
Ya ce ɗan tsaba ne, a je a tara,
An kai gida arba'in ana ƙara,
Ma'aji ya ce rumbu babu saura.

Ɗan Bagwai:
Malam na duba lambarka, mara ce mara,
Da biyar ta ƙare, biyar ta raba ta ba saura,
Haɗa alƙalumanta, 87 suka tara,
Uku ta shige ta, amma ban da tara.

'Yar Damagaram:
Ɗan Bagwai lissafin 'yan firamare ka fara,
Uku da biyar ai ko mai tallan gyaɗa ya ƙwara,
Ina 17 da 257, ina 65537 ka tsallake ka tsira?
Ka ɗebo ƙasa-ƙasa kamar ɓera.

Baba Tsoho: Kai! Ɗiyata, Allah ya ƙara basira. Damagaram ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Ɗan Bagwai: Baba, ɓangaranci ne wannan. "Ya ƙwara" Hausar ina ce? Ƙware ake cewa. Ta murɗe wuyan kalma don ta samu "ra". Ɗangonta na uku kuma ya fi layin mai tsawo.

'Yar Damagaram: Yaya, karanta "65537" da baki tukuna, in ka sa ta a kari ɗaya na ba ka goro.

Sarkin Kari: Dukkanku karin ya karye. Na Malam ma ɗango na biyu yana ɗingishi, ba Ramal ba, ba Mutadarik ba.

Mai Alli: Ranka ya daɗe, sati uku kana auna mana baiti, ba mu ga naka ko ɗaya ba.

Sarkin Kari: Alƙali ba ya shiga kokawa.

'Yar Damagaram: To ga ragowar lambobin da ke raba ta, daga labarin masana lissafi Fermat da Euler, tunda Yaya ya yi shiru.

Fermat ya ga 4,294,967,297 ya ce ba ta da ɓara,
Ba mai raba ta sai ita da ɗaya, ya yi zato bai gyara,
A 1732 Euler ya sa 641 ya fasa ta ya wara,
Tana cikin lambar Malam, da 6,700,417 a jere a shara.

Ɗan Bagwai (bayan kwana biyu, wuta ce ba mu da ita):
Ƙanwata kin kwafo daga littafi kin zo kina ƙara,
Ga wadda ba ki sani ba, zauna ki saurara,
Gidan ƙarshe shi kaɗai ya fi 63 da aka tara,
Da ƙwaya ɗaya tak, je ki gwada da tsakuwa a dara.

Baba Tsoho: Wannan kam ya zauna, ɗana. Amma "a jere a shara" ɗin nan nata, wa zai fassara mini?

Sarkin Kari: Cikon baiti ne, Baba. Ba ya nufin komai.