Muhawara: Shin sabon shiga ya daina wahalar koyon rubuta kod tunda AI na rubutawa?

Injiniya: Assalamu alaikum. Zan faɗi wata magana da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Duk matashin da yau yake shirin kwashe shekara biyu ko uku yana haddar yadda ake rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, da hannu, to sana'ar da ake naɗe tabarmarta yake shirin koya. GitHub Copilot, AI mai taya rubuta kod, ya ɓullo a 2021, ChatGPT ya biyo baya a ƙarshen Nuwamban 2022. A Oktoban 2024 Sundar Pichai, shugaban Google, ya ce sama da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon kod ɗin kamfaninsu AI ce ke rubuta shi. Jensen Huang, shugaban kamfanin Nvidia kuwa, a wani taro a Dubai a Fabrairun 2024, cewa ya yi ba lallai ne yara su koyi kod ba, harshen ɗan Adam ya wadatar. Shawarata ga ƙannenmu ita ce su koyi sarrafa waɗannan kayan aiki, su iya bayyana abin da suke so a gina, su bar wa inji aikin inji. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Ka tayar min da hankali fa. Na ɗan yi nisa a yaren kod na Python, yanzu na fara taɓa SQL, yaren rumbun bayanai. Kenan in ajiye?

Baba: Auta, kada ka ajiye komai tukuna. Injiniya, wannan waƙar ba yau muka fara jin ta ba. Da IBM ta fitar da yaren kod na FORTRAN a 1957, ai da sunan kwamfuta za ta riƙa rubuta wa kanta umarni aka tallata shi. COBOL ya zo a 1959, aka tsara shi ya yi kama da Turancin ofis don wanda ba gwanin kwamfuta ba ma ya iya karantawa. Me ya biyo baya? Masu rubuta manhaja suka ninka, domin da abu ya yi sauƙi sai kowa ya so a gina masa nasa. Kuma a Afrilun 2020, da tsarin biyan kuɗin marasa aikin yi na jihar New Jersey ya kasa ɗaukar cunkoso lokacin korona, gwamnan jihar fitowa ya yi yana cigiyar masu COBOL, yaren da aka daɗe da yi wa jana'iza. Shi kuma Jensen Huang, da girmansa, na'urorin da AI ke gudana a kansu yake sayarwa. Me kake jiran ya ce?

Injiniya: Baba, ranka ya daɗe, tarihin nan gaskiya ne amma wannan karon daban ne. FORTRAN sai ka koyi yarensa, ka kuskure waƙafi ɗaya ya ƙi tashi. Yanzu da maganar baki ake yi. Kuma ka duba kasuwar aiki mana. Meta ta sallami mutum 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000 a zagaye guda. Ruwa ba ya tsami banza.

Hajiya: Tsaya Injiniya, a nan kam ka haɗa abin da bai haɗu ba. Meta ta sanar da sallamar mutum 11,000 ɗin nan a ranar 9 ga Nuwamban 2022, makonni uku kafin ChatGPT ya fito. Sauran ukun a Janairun 2023 ne, lokacin da mutane ke ta gwada shi suna sa shi rubuta musu waƙa. Abin da ya faru a fili yake. Kamfanonin sun kwashi ma'aikata ba ji ba gani lokacin kullen korona, suna zaton duniya ta koma intanet kenan har abada. Daga Maris ɗin 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, rancen araha ya ƙare, masu zuba jari suka fara tambayar ina riba. Shi ya jawo sallamar.

Amma ba zan ce maganarka ba ta da tushe ba, tunda ni ɗaukar ma'aikata na cikin aikina. Ayyukan da a da muke bai wa sabon ɗauka ya yi wasa hannu da su, gyara ɗan fom, rubuta gwaje-gwaje masu sauƙi, sauya fasalin bayanai daga wannan zuwa wancan, yanzu babban injiniya kan gama su da AI kafin ya gama rubuta wa yaron bayanin aikin. Wannan shi ne abin da ke damuna, ba sallamar ba.

Gwani: Ni rabin maganar Pichai da Injiniya ya haɗiye nake so a dawo da shi. Ya ce AI na rubutawa, sannan injiniyoyi su duba su amince. To wa zai duba? Bari in ba ku misali daga aikin bita da nake yi. An sa AI ta rubuta sashen karɓar kuɗi na wata manhaja. Kod ya fito tsaf, sunaye masu kyau, har da bayani a kan kowane layi. An gwada, ya cire kuɗi, ya tura rasit. Abin da babu a ciki shi ne: in mai saye ya danna maɓallin biya, netwok ya yanke kafin amsa ta dawo masa, wayarsa ta sake tura buƙatar, me zai faru? Sau biyu za a cire masa. Maganin ba wuya, kowace buƙata a ba ta lambarta ta musamman, saba, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatun, ta duba ko ta taɓa ganin lambar kafin ta taɓa kuɗin mutum. AI ta san wannan sarai, in ka tambaye ta za ta rubuta maka cikin daƙiƙa. Amma sai ka san akwai tambayar kafin ka yi ta. Wanda bai taɓa zama ya ga yadda buƙata ke tafiya daga waya zuwa saba ta dawo ba, zai kalli kod ɗin nan ya ce ma sha Allah, ya sake shi.

Akwai kuma wata. AI kan ƙirƙiro sunan kunshin kod, irin shiryayyen kod ɗin da ake saukewa a haɗa da aiki, wanda babu shi a duniya, ta ce ka sauke shi. Ɓata-gari sun gane haka, sai su yi rajistar irin sunan su cusa mugun abu a ciki, su zauna jiran wanda zai kwafa ido rufe.

Injiniya: Wannan na yau ne Gwani. Kayan nan duk wata shida sai sun canza. Abin da suke kuskurewa bana, baɗi ba za su kuskure ba.

Baba: Haka Geoffrey Hinton ya ce a 2016, wai a daina horar da likitocin da ke karanta hoton asibiti, nan da shekara biyar inji zai fi su. Mutum ne da ya san AI fiye da mu duka, har lambar Nobel ya samu a 2024. Har gobe asibitoci na neman likitocin nan.

Malam: Bari in sa baki. Akwai binciken da METR, wata ƙungiyar bincike kan AI, ta fitar a Yulin 2025. Sun ɗauki ƙwararrun injiniyoyi 16, suka ba su ayyuka a manhajojin da suka daɗe suna aiki a kansu, wasu ayyukan da AI wasu babu. Da aka auna, ayyukan da aka yi da AI sun fi cin lokaci da kashi 19 cikin ɗari. Su kuwa injiniyoyin, bayan an gama, sun yi imanin AI ta ƙara musu sauri da kusan kashi 20.

Injiniya: Allah gafarta Malam, mutum 16 ne fa. Kuma ƙwararru ne a kan kod ɗin da suka sani kamar yunwar cikinsu, da kayan aikin farkon 2025. Ka ba ni yaren da ban taɓa rubutawa ba, ka ga yadda AI za ta kai ni inda da sai na yi mako ina lalube.

Malam: Na yarda, ba hujja ba ce a kan kowa da kowa. Abin da na ɗauka a ciki ɗaya ne: yadda mutum ke ji a ransa da abin da agogo ya nuna suna iya saɓawa. Kuma a wajen ɗalibi saɓanin ya fi muni. Ina ganin su. Yaro zai kawo aiki yana gudana lafiya lau. In ce masa, to canza min nan, maimakon jerin ya fara daga ƙarami ya fara daga babba. Sai ya tsaya yana kallon allo kamar yau ya fara ganin kod ɗin. Shi a ransa ya koya, tunda ya karanta amsar ya kuma gane ta lokacin da yake karantawa. Gane amsar wani daban, iya samo ta daban. Kai Injiniya da kake cewa AI na kai ka nesa a yaren da ba ka sani ba, ai da guzurin shekarun da ka yi kana fama da hannu take kai ka. Ka san abin da ya kamata ka gani, shi ya sa in ta kauce kake ganewa. Kana so ka hana Auta guzurin da kai kake ci.

Injiniya: Ban ce kada ya san komai ba. Cewa na yi kada ya ɓata shekaru. Andrej Karpathy, wanda yana cikin waɗanda suka kafa OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, da kansa ya ba da labari a Fabrairun 2025 cewa yakan bar AI ta rubuta, ya amince ba tare da ya karanta ba.

Gwani: Ya kuma ce don ƙananan ayyukan ƙarshen mako ne da za a iya zubarwa. Yau dai rabin magana kake ta kawo mana. Ku tuna Maris ɗin 2024, da aka gano ƙofar sirri da wani ya dasa a xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace na'ura mai aiki da Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta irin Windows. Wanda ya gano ta, Andres Freund, ba ma aikin tsaro yake yi ba, manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL yake aiki a kai. Ya lura shiga na'ura daga nesa ta hanyar SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, kuma tana cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima. Wani zai ɗaga kafaɗa ya wuce. Shi ya bi diddigi har ya tono ta kafin ta bazu. Wannan hancin ba a samun sa sai an daɗe ana shaƙar kod. Ko 19 ga Yulin 2024, da sabuntawa ɗaya ta kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. A irin wannan ranar ba wanda ke tambayar wa ya fi saurin rubutu.

Auta: To ni yanzu kaina ya ɗaure. Yaya ya ce in bari, Baba ya ce in ci gaba. Anti Hajiya, ke da kike ɗaukar mutane, in na zo gabanki me za ki duba?

Hajiya: Ba na hana kowa amfani da AI a intabiyu, don a wurin aiki ma zai yi amfani da ita. Sai in ba ka kod mai ɗauke da matsala in ce gano ta. In ka gyara, in tambaye ka me ya sa gyaran ya yi aiki, kuma me zai faru in masu amfani suka tashi daga ɗari zuwa dubu ɗari. A nan ake rabuwa. Sannan takardar da ka jera yaruka goma sha a kai ba ta burge ni. Manhaja ɗaya da ka gina, mutane na gaske suka yi amfani da ita, ta lalace da tsakar dare ka tashi ka gyara, ta fi min kwas ashirin. Kuma ka iya rubutu, Auta. Ba kod ba, rubutu. Wanda zai iya bayyana matsala a sakin layi biyu kowa ya gane, shi ake kira taro, shi ake ƙara wa matsayi, kuma shi ne ma AI ta fi yi wa aiki mai kyau.

Baba: Ka kuma lura da abin da ke daɗewa. SQL tun shekarun 1970 yake, Linux 1991, Git mai adana tarihin kod 2005, duk suna nan daram. Flash kuwa, wanda a da in ba ka iya shi ba ba ka cika mai gina shafin intanet ba, Adobe ta rufe babinsa a ƙarshen 2020. Masu zuwa su wuce irin Flash ka koye su daidai buƙatar aiki, masu daɗewa irin SQL ka ba su zuciyarka.

Injiniya: To ai kun zo inda nake. Hajiya ta ce rubutu da bayani, abin da na faɗa kenan tun farko.

Hajiya: A'a, kai cewa ka yi bayani ya maye gurbin kod, ni na ce a haɗa. Kuma ba ka amsa abin da ke damuna ba. In kowane kamfani ya ce manya kawai yake so, ƙananan ayyuka AI ta yi, nan da shekara goma daga ina manyan za su fito? Kowa na jiran wani ya horar ya zo ya ɗauke.

Injiniya: Wannan kam ba ni da amsarta. Amma matsalar kamfanoni ce, ba ta Auta ba. Shi aiki yake nema bana, kuma ina nan a kan bakana cewa wanda ya iya sarrafa AI zai riga shi samu.

Malam: Auta, ga abin da nake sa ɗalibaina. Ka fara rubuta aikin da kanka, ko da ya fito a karkace. Sannan ka ba AI ta yi maka bita, ka tambaye ta dalilin kowane gyara, ka duba takardun yaren ka tabbatar. Layin da ba za ka iya bayyana shi da baki ba, kada ya shiga aikinka.

Gwani: A gwada mana kawai. Injiniya ya gina sashen biyan kuɗi da AI zalla, ba taɓa kod da hannu. Auta ya gina nasa ta hanyar Malam. Ni zan zauna in yi ƙoƙarin karya duka biyun.

Injiniya: Na amince, amma a auna lokacin da kowa ya ɗauka.

Malam: A'a, a haka ba a gwada komai ba, ai da idon gwaninta za ka duba naka. Sai dai a samo wani sabon shiga kamar Auta ya bi hanyarka, kai kuma hannunka a aljihu.

Auta: Akwai abokin karatuna da ba ya rubuta ko layi ɗaya sai da AI. Bari in tuntuɓe shi. Yaya Gwani, da Python za mu yi ko kowa ya zaɓi nasa?

Gwani: Python, da PostgreSQL. Kuma zan yanke netwok a tsakiyar biya, kada wani ya ce ban faɗa ba.