Shin bashi yana kai mutum gidan yari?

Alhaji, ɗan kasuwa a Kantin Kwari: Barista, na ji ka ce ɗan sanda ba shi da hurumin kama wanda ya ci bashi, kuma ban gamsu ba. Mu a Kwari bisa amana muke bayar da atamfa da shadda, sau da yawa babu rubutu, idan kuwa mai karɓar kaya ya daina tsoron caji ofis, an ɗaure mana hannu ke nan.

Barista: Ranka ya daɗe, ba ra'ayina ba ne, doka ce. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 36 kuma ya hana a kama wani a madadin wanda ake nema, kamar matarsa ko ɗansa. Wanda aka tsare a kan bashi yana iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, kuma diyyar tana iya hawa kan mai bin bashin da ya kai shi.

Malam, daga Ƙofar Mata: Barista, ka faɗi rabi ka bar rabi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, amma hadisi ya tabbatar da cewa taurin bashin mawadaci zalunci ne, shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka yarje wa alƙali ya tsare wanda ya ɓoye dukiya ya ƙi biya. Saboda haka cewa bashi ba ya ɗaure kowa kuskure ne.

Barista: Allah gafarta Malam, ba mu saɓa ba, domin alƙali ka ambata, ba ɗan sanda ba. A kotun majistare ma, bayan an yanke hukunci, ana iya tsare wanda aka tabbatar yana da halin biya ya ƙi. Haka wanda ya bayar da cekin da ba kuɗi a asusunsa, dokar 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara 2, saboda wannan ya zama laifi.

Hajiya, malamar makaranta: Barista, ɗana yana Jami'ar Bayero, ya karɓi lamunin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, dangi suna ta tsorata ni cewa za a kama shi idan bai samu aiki ba.

Barista: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. A dokar lamunin ɗalibai ta 2024 babu kuɗin ruwa, ba a fara biya sai shekara 2 bayan kammala hidimar ƙasa, kuma kashi 10 cikin 100 na albashi ake cirewa. Rashin aiki ba laifi ba ne, yin ƙarya wajen neman lamunin shi ne laifi.

Alhaji: To ni ina zan nufa da nawa? Kotu sai ta cinye wa mutum shekaru, lauya kuma ya cinye ribar.

Barista: Tun 2019 Kano take da kotun ƙananan basussuka, wadda mutum zai iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba, amma za ta nemi hujja: rasit, shaidu, ko saƙon banki.

Alhaji: Shaidu ina da su a layinmu. Rasit ɗin ne babu.