Tatsuniyoyin Gabas da Yamma a Hannun Marubucin Yau

Idan ana maganar yadda marubuci zai yi amfani da tsoffin tatsuniyoyi a sabon labari, shawarar da aka fi nanatawa ita ce, kada marubuci ya ɗauko sunan gwarzo kawai ya liƙa wa labarinsa. Ƙashin bayan tatsuniyar zai nema. Dubi James Joyce, marubuci ɗan ƙasar Ireland: a littafinsa Ulysses na 1922 ya dunƙule shekara goma da Odisiyas, gwarzon tatsuniyar Girka, ya yi yana neman hanyar gida zuwa yini guda a birnin Dublin. Aikin gwani ke nan, a ganina.

A ɓangaren Gabas kuwa an ja kunne. Ramayana da Mahabharata na Indiya har gobe littattafai ne masu tsarki ga mabiya addinin Hindu, saɓanin Zus, babban abin bautar Girkawan dā, da bautarsa ta zama tarihi, don haka a taka sannu. Batun cuɗa tatsuniyoyin Gabas da na Yamma a labari guda, baki bai zo ɗaya ba.