Sifirin ɗin almakashin datse rassa ya ɓace mini, da me zan maye gurbinsa?

Mai lambu a Shafa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani lambun wardi da ke Shafa, a kan duwatsun Ɗa'ifa. Shekaranjiya ina cikin datse rassa sai sifirin ɗin da ke tsakanin hannuwan almakashina ya fincike ya faɗa cikin tarin ƙaya da busasshen ganye, na yi ta lalube har aka kira magariba ban gan shi ba. Yanzu duk yankan da na yi sai na sa yatsa na buɗe bakin, ga shi kuwa cikin sanyin nan ake datsa, idan lokacin ya wuce furen da za a tsinka a Maris da Afrilu ne zai ragu. Almakashin na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, sunan kamfanin ma ya goge, amma ƙarfensa yana riƙe kaifi fiye da duk wanda na taɓa saya, shi ya sa ba na son rabuwa da shi. Don Allah wanda ya san aikin ya ba ni shawara.

Tsohon bakanike, Jidda:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinka. Kafin ka je kowane shago, dubi cikin hannuwan biyu kusa da ƙusar tsakiya. Idan ka ga ƙananan turaku biyu suna fuskantar juna, to sifirin ɗinka irin wanda ake matsewa ne, kuma abu uku za ka auna: kaurin turken, nisan da ke tsakanin hannuwan a daidai wurin idan almakashin ya buɗe iyakar buɗewarsa, da nisan da ya rage idan ya rufe. Na ukun nan shi ne mutane suke mantawa. Idan sifirin ya matse har zobbansa suka haɗu tun baki bai gama rufewa ba, reshe ba zai yanke sarai ba, sai dai ya tsage, tsagaggen reshe kuma ƙofa ce ga cuta. Tsawonsa ya ɗan zarce nisan buɗewar kaɗan, domin ya zauna daram a kan turakun ko da ka saki hannu.

Tafi da almakashin kansa wurin masu sayar da kayan gyaran babur ko mota, ka ce musu susta kake nema, don da wannan sunan suka san shi a nan. Na biro ya yi laushi ƙwarai, na bawul ɗin inji kuma kafin azahar zai kashe maka hannu. Nemi wanda za ka iya matsewa da babban yatsa da manuni ba tare da wahala ba. Idan ya yi tsawo kana iya rage shi da filaya, amma ka sani duk zoben da ka cire ƙara masa tauri yake yi, saboda haka zobe ɗaya-ɗaya za ka riƙa yankewa kana gwadawa, sannan ka goge bakin da magagari ya kwanta. Kada ka naɗa wayar ɗaurin rodi ka ce ka yi sifirin, domin ita idan ta lanƙwashe ba ta komawa. Ka kuma kawar da fuskarka lokacin sawa, na san wanda sifirin ya tsalle masa a ido.

Ma'aikacin gona, Madina:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina da ƙari a kan maganar zuwa wurin masu babur. Malam, ka fara wanke hannuwan ka duba ko akwai lamba a jikin ƙarfen. Idan hannuwan na alminiyom ne da jar roba, mai yiwuwa Felco ne na ƙasar Suwizalan, wanda samfurinsa na 2 yake kasuwa tun 1948, kuma har yau ana sayar da sassansa ɗaya-ɗaya. Sifirin ɗinsa ba na waya ba ne, faffaɗan ƙarfe ne da aka naɗe yana shigewa cikin kansa idan an matse, ana sayar da shi biyu a leda da lamba 2/91. Idan shi ne, a ganina asalin ya fi, domin an yi shi daidai da turakun. Idan kuma ba shi ba ne, sayi almakashi mafi araha a shagon kayan gona ka cire nasa ka gwada, sau da yawa yana shiga.

Uwargida mai lambun gida, Makka:

Ƙanena, ka bincika dalilin da ya sa ya fita tun farko. Nawa ya taɓa yin haka, ashe ƙaron itace da tsatsa ne suka daskare a mahaɗar, bakin yana maƙalewa sannan ya buɗe da ƙarfi ya watsar da sifirin. Kwance notin, ka wanke da kananzir, ka ɗiga man keken ɗinki, sannan ka ɗaure daidai yadda bakin zai motsa ba tare da ya yi lilo ba.

Mai lambu a Shafa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na wanke shi kamar yadda Hajiya ta ce, sai na tarar ɗaya daga cikin turakun ya cinye ta gefe, wanda nake zaton shi ne ya saki sifirin ɗin. Ba Felco ba ne, Malam, hannuwansa baƙin ƙarfe ne zalla. Na sauka gari da shi jiya, na samu susta a wurin wani mai gyaran babur, na cire zobe biyu kamar yadda Baba ya koya mini, yau kuma na datse layi uku da shi kafin la'asar. Abin da ya rage shi ne turken nan da ya cinye. Baba, ɗigon walda zai gyara shi, ko zafin zai lalata taurin ƙarfen tunda wurin yana kusa da baki?