Iskar taya a ranar shiga filin tsere: a ƙara ko a rage?

Baƙon Kent

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tuƙi a filin tseren motoci. Na biya kuɗin shiga Brands Hatch, filin tsere da ke yankin Kent a Ingila, a ƙarshen watan Oktoba, a irin ranar nan da ake buɗe filin ga masu motocin hawa su zo su yi gudu ba tare da gasa ba, kuma a ƙaramin zagayen da ake kira Indy za mu yini. Motata Mazda MX-5 ce mai injin lita biyu, tayoyinta Michelin Pilot Sport 4 ne masu girman 205/45 R17, takardar da ke manne a bakin ƙofar direba kuma ta ce a sa psi 29 gaba da baya (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya).

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne shawara biyu da aka ba ni, kowacce ta saɓa wa 'yar'uwarta. Wani abokin aikina ya ce in rage iskar zuwa psi 24 tun kafin in shiga, domin taya za ta yi zafi iskar ta hau. Kawuna kuwa, wanda ya daɗe yana tuƙa mota tsakanin Kano da Legas, da na yi masa bayani ta waya sai ya ce in kai ta 40, domin a saninsa duk motar da za ta yi gudu ƙara mata iska ake yi. Wanne ne daidai, kuma ta yaya mutum zai gane cewa ya dace da adadin da motarsa take so?

Injiniya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowannensu yana da hujja, amma babu adadin da zan ce ka ɗauka a cikin biyun. Kawu yana magana ne a kan mota mai nauyi, cike da mutane da kaya, a doguwar hanya miƙaƙƙiya, kuma kamfanonin motoci da kansu sukan rubuta adadi na biyu mai ɗan yawa saboda irin wannan tafiya. Abokin aikinka kuwa ya ji abin da masu tayoyin tsere suke yi ne ya ɗora a kan taka.

A filin tsere, iskar da ake kula da ita ita ce wadda take cikin tayar lokacin da ta ɗauki zafi. Adadin da ka sa da safe hanya ce kawai ta isa can. Iskar da ke kulle a cikin taya ƙarfinta yana ƙaruwa gwargwadon zafinta, kusan psi ɗaya a kowane digiri biyar da rabi na ma'aunin Selsiyos. Idan ka sa 29 da safe ana digiri 10, sannan birki da kwana suka kai iskar ciki digiri 50, gejin awon iska zai nuna maka 35 zuwa 36 alhali ba ka ƙara komai ba. Da a ce 40 ka fara da ita, da ka wuce 47, a nan tayar za ta kumbura ta tsaya a kan tsakiyarta, wurin da take taɓa kwalta ya ragu, motar ta riƙa zamewa kamar an zuba mai a titin.

Ga irin tayarka, a mota marar nauyi kamar MX-5 wadda kilo dubu ɗaya ce da 'yan kai, ni ina neman tsakanin psi 32 da 34 da zafi. Yadda zan ba ka shawara ka isa can shi ne ka fara da 29 ɗin da kamfani ya rubuta. Ka yi zagaye biyu a hankali don tayoyin su ɗumama, sannan ka ƙara gudu na minti goma ko kusa da haka, ka shigo. Da tsayawarka, tun kafin ka cire hular kwano ko ka tsaya hira, ka auna duka huɗun, domin iskar tana fara sauka nan take, kuma awon da aka yi bayan minti goma ba shi da amfani. Duk wadda ta haura 34 ka sace mata iska ta dawo, ka rubuta abin da ka gani, ka koma fili. Bayan fita ta biyu za ka tarar ta sake hawa, saboda kai ma ka fara sanin hanya kana ƙara gudu, rana kuma ta ɗaga, sai ka sake ragewa. Yawanci kafin a tashi cin abincin rana abin yakan tsaya wuri ɗaya.

Akwai ƙa'ida ɗaya da mutane suke yawan karyawa. Bayan hutun rana za ka auna ka ga 26 ko 27, hankalinka ya tashi ka ɗauko famfo. Kada ka ƙara. Tayar ce ta huce, kuma da ka yi zagaye biyu ko uku za ta koma inda ka bar ta. Abin da ake so a wannan lokaci shi ne ka fita a hankali, kada ka hau dakalin gefen kwana sai ta ɗau zafi.

Ka sayi geji naka mai kyau, wanda yake da maɓallin sace iska, kuma shi kaɗai za ka yi amfani da shi duk yinin. Geji biyu sukan saɓa da psi ɗaya ko biyu, wanda shi ne daidai girman gyaran da kake ƙoƙarin yi.

Maman Ilham

Injiniya, ban ƙi bayaninka ba, amma ina ganin ka yi magana kamar tayoyin huɗu aiki ɗaya suke yi, kuma a Brands Hatch ba haka abin yake ba. Zagayen Indy bai kai kilomita biyu ba, kuma dama ake bi wajen zagaya shi. Kwanar Paddock Hill dama ce, mai gangara, kuma a ƙasan gangaren nauyin motar gaba ɗaya yakan danne tayoyin hagu. Druids ma dama ce, sannan daga McLaren zuwa Clearways har Clark Curve doguwar dama ce da mutum yake daɗewa a cikinta yana taka totur. Kwanonin hagu na kirki biyu ne kacal, Graham Hill da Surtees. Saboda haka, ƙanena, kada ka yi mamaki idan ka shigo ka tarar tayar gaba ta hagu ta fi ta dama da psi biyu ko uku. Ka daidaita su da zafi, ko da hakan yana nufin idan sun huce da yamma kowacce za ta nuna adadinta daban. Da ita ma ya kamata ka fara awo, sai ta baya ta hagu, sannan ka zagaya.

Abu na biyu shi ne watan da ka zaɓa. Ƙarshen Oktoba a Kent, da wuya ka tarar da kwalta busasshiya da safe. Idan akwai ruwa ko laima, tayar ba za ta yi zafin da Injiniya ya lissafa ba, kuma wanda ya rage iska zuwa 24 a irin wannan yanayi zai yini yana jiran zafin da ba zai zo ba. Taya mai ƙarancin iska ta fi saurin hawa kan ruwa ta rabu da kwalta, domin tsakiyarta yakan lotsa, zanen da zai kore ruwan ya kasa aikinsa. A jiƙaƙƙen fili ni nakan bar adadin kamfani yadda yake, wani lokaci ma in ƙara psi ɗaya ko biyu. Sai titin ya bushe a fara maganar ragewa.

Game da 32 zuwa 34 kuma, mafari ne mai kyau, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai BMW M3 da zai faka kusa da kai motarsa ta fi taka nauyi da kusan rabin tan, iskarsa za ta hau fiye da taka nesa ba kusa ba, mai tayoyin da aka yi domin filin tsere irin su Toyo R888R ko Nankang AR-1 kuwa gefen tayarsa ya fi naka tauri, yana iya farawa da ƙasa sosai. Ka saurare su, amma kada ka kwafi adadinsu.

Tsohon Bakanike

Yaro, duk abin da suka faɗa maka ka riƙe. Ni abin da zan ƙara shi ne, geji yana gaya maka adadi ne kawai, tayar ce take gaya maka ko adadin ya yi mata.

Ka tafi da alli. Kafin ka fita, ka ja layi uku ko huɗu a kafaɗar kowace taya, daga kan zanen ka gangaro zuwa gefe. Idan ka dawo ka duba inda allin ya goge. Yawancin tayoyi suna da wata ƙaramar alama a kafaɗa, wasu mai kusurwa uku, wasu tambarin kamfani, wadda take nuna inda ma'aunin cinyewar zane yake, kuma masu shiga fili sun mayar da ita iyaka. Idan gogewar ta tsallake wannan alama ta shiga gefen taya, to tayar tana kwanciya a kwana, iskar ta yi kaɗan, ko kuma kana shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfin motar kana murɗa sitiyari fiye da kima. Sabon shiga, na biyun ya fi samunsa, kuma ƙarin iska ba ya maganinsa.

Idan ka samu wanda yake da ma'aunin zafin taya, irin mai tsinin da ake sokawa cikin roba, ka roƙe shi ya auna maka wuri uku a faɗin kowace taya: ciki, tsakiya da waje. Tsakiya ta fi gefunan biyu zafi, iska ta yi yawa. Gefunan biyu sun fi tsakiya, ta yi kaɗan. Amma idan gefen waje ne kaɗai ya yi zafi sosai, na ciki kuma ya yi sanyi, wannan ba maganar iska ba ce, saitin karkatar ƙafa ne, kuma aikin gareji ne. Motocin hawa ana fito da su ƙafafunsu kusan a tsaye domin taya ta daɗe, shi ya sa suke cin kafaɗar waje a fili. Na ga mutane suna ta ɗura iska don su ceci kafaɗar, su ƙare da motar da ba ta riƙe hanya ko kaɗan.

Dalilin da ya sa ba na son shawarar 24 ɗin nan shi ne, yawan iska gudu yake rage maka, ƙarancinta kuwa tayar yake kashewa. Taya marar isasshiyar iska gefenta yakan yi ta lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, zafi ya taru a cikin zaren da ke ciki, kuma ɓarnar ba ta cika fitowa waje ba sai ranar da ta fashe. Ko manya ba su tsira ba. A gasar Formula 1 ta Birtaniya a Silverstone a 2013, tayoyin baya na hagu sun fashe wa Lewis Hamilton da Felipe Massa da Jean-Éric Vergne da Sergio Pérez, kuma a cikin dalilan da kamfanin Pirelli ya bayar akwai ƙarancin iska, da karkatar ƙafa fiye da kima, da hawa dakalin kwana, da sauya tayar hagu da ta dama. Har yau akwai mafi ƙarancin iskar da ake ƙayyade wa ƙungiyoyin a kowace gasa, kuma ana bincika.

Adadin da ke rubuce a jikin tayar kuma, wanda masu faci a gida suke yawan dubawa su cika ta har can, iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Ba shi ake nema ba.

Baƙon Kent

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, zan nemi allin. Tambaya biyu suka rage mini. Wani shagon taya kusa da mu yana cika taya da iskar naitirojin, ya ce ba ta hawa da zafi, ko ya dace in biya a sa mini? Sannan Injiniya, idan na ji gaban motar yana ƙin juyawa a kwana, ko bayanta yana neman zillewa, zan iya gyara hakan da iska?

Injiniya

Kuɗin naitirojin ka ajiye su ka sayi gejin. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari dama naitirojin ce, kuma kowace iska tana hawa da zafi bisa ƙa'ida ɗaya. Abin da masu tsere suke gudu shi ne danshi, domin ruwan da ya shiga taya daga tankin kwamfuresa yakan zama tururi ya sa hawan ya ƙi lissaftuwa. Kai da za ka yini kana sace iska, da yamma kuma ka mayar da famfo, naitirojin ɗin ba zai kai maka gida ba.

Tambaya ta biyu, ana iya yi, amma kaɗan ne. Kowace taya tana da adadin da ta fi riƙe kwalta a kansa, kuma ko sama ka yi ko ƙasa riƙon raguwa yake yi. Don haka idan gaba yana miƙewa maimakon ya bi kwana, fara duba ko tayoyin gaba sun haura abin da kake nema, galibi a nan matsalar take, musamman idan motar ta fara da kyau sai bayan zagaye shida ko bakwai ta soma zamewa. Idan baya ne yake zillewa, duba na baya. Ka canja psi ɗaya a tayoyin gaba kaɗai ko na baya kaɗai, ka fita ka ji, kada ka taɓa gaba da baya lokaci guda domin ba za ka san wanne ya yi aiki ba. A ranarka ta farko dai, yadda kake sakin birki da lokacin da kake komawa kan totur sun fi psi ɗaya tasiri a kan halin motar, kuma idan masu shirya ranar suna da malamin tuƙi, minti ashirin da shi a gefenka zai fi amfanar ka.

Kafin ka fita daga harabar da yamma, ka bar tayoyin su huce iya yadda lokaci ya ba ka, ka mayar da su 29 da famfon da ake jonawa a mota. Idan har yanzu da ɗumi a jikinsu, ka sa 32, ka sake aunawa washegari da safe ka daidaita. Kada ka ce sai ka kai gidan mai, domin hanyar M20 tana nan kusa da ƙofar, kuma gudun babbar hanya da taya mai psi 25 shi ne ainihin abin da Baba ya yi maka kashedi a kai. Ka kuma duba zanen tayar gaba ta hagu tun a wurin: doka a Birtaniya ba ta yarda ya gaza milimita 1.6 ba, kuma ita ce za ta fi sauran cinyewa.