Lexus LS430 ɗina tana gurnani a kan kwalta, ƙananan ramuka ma dukan ƙugu take yi. Ta ina zan fara?

Malamin Makaranta (Zariya):

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san manyan motoci, kafin in zuba kuɗi inda ba nan ciwon yake ba.

Motar Lexus LS430 ce ƙirar 2004, mai injin V8 lita 4.3. Ta Kwatano aka shigo da ita, wani bawan Allah a Kano ya hau ta wasu shekaru, ni kuma na saya a hannunsa bayan ƙaramar salla. Inji lafiya ƙalau, giya na shiga sumul, esi na sanyi. Shirunta ne ya sa na nace sai ita. Kawuna ya taɓa riƙe irinta, na san yadda take: ana gudun 120 amma kuna hira da na kujerar baya ba wanda ya ɗaga murya. Tawa ba haka take ba, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Da na kai gudun 60 sai wani gurnani ya taso daga ƙasa, wuuu, yana ƙaruwa har wajen 90 zuwa 100. Ko a sabuwar kwaltar Zariya zuwa Kano ina jin sa, tun daga Tashar Yari har Kwanar Dangora bai yanke ba. Kunnena yana ce mini daga baya yake fitowa, amma mai ɗakina da ke zama a baya ta ce ita daga gaba take jin sa. Sannan ga tauri. Ɗan gurbin da aka yi wa kwalta faci, ko waɗannan tudun rage gudu na cikin gari, sai ka ji gum! har cikin ƙashin baya. Idan na taka birki a hankali dab da tsayawa, akwai wani ɗan ƙwas da nake ji a gaba ta hannun dama.

Bakaniken da na kai wa ya danna motar da hannu a kusurwa huɗu, ya ce shokazoba ne duka, a sauya. Kuɗin da ya faɗa ba kaɗan ba ne, kuma ko fita da motar bai yi ba. Tayoyin da ke jiki 245/40R19 ne a kan wasu rim masu ƙyalli da mai ita na baya ya sa. Zanensu da saura sosai. Don Allah ta ina ya kamata in fara?

Tsohon Bakanike (Kaduna):

Wa alaikumus salam Malam. Kar ka sayi komai tukuna. Cuta biyu ka kawo, wataƙila ma uku, kuma ba lallai tushensu ɗaya ba. Gurnani daban, tauri daban, ƙwas ɗin birki daban. Danna mota da hannu ba ya nuna komai a mota mai nauyin wannan, sai in shokazoban ya mutu murus.

Fara da gurnanin, don gano shi ba ya cin ko sisi. Nemi hanya miƙaƙƙiya da safe lokacin da ba motoci. Kai gudun da ƙarar ta fi fitowa, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka sake takawa. In ƙarar tana zuwa da taka totur tana tafiya da sakinsa, to ka duba baya: wannan mota da tayoyin baya take ja, akwai farfela, doguwar sandar da ke kai juyin inji zuwa baya, mai boris a tsakiya, akwai kuma aksul na baya da mansa. In ƙarar ba ruwanta da totur, gudu kawai take bi, to an bar mu da taya ko boris ɗin taya.

Raba waɗannan biyun ma da sauƙi. Kana kan gudun, ka ɗan karkata sitiyari hagu a hankali kamar za ka sauya layi, ka dawo dama. Idan ka karkata hagu nauyin mota yana komawa kan tayoyin dama. In gurnanin ya ƙaru a lokacin, ya ragu da ka karkata dama, boris na dama ne ake zargi. Ƙarar taya ba ta cika damuwa da wannan ba. Ita da irin kwalta take sauyawa: kana hawa kwalta mai santsi ta lafa, kana shiga mai kaushi ta tashi. Boris kuwa ko a kan wace kwalta kukansa ɗaya ne.

Saɓanin da kuka samu da mai ɗakinka kada ya ba ka mamaki. Ƙara tana bin ƙarfen bodi, sai ta fito a inda ba nan aka haife ta ba. Shi ya sa ba ma yarda da kunne kaɗai. A ɗaga motar, a kama taya sama da ƙasa a girgiza a ji ko da wasa. Sannan ka ɗora hannu a kan sifirin, wani ya juya tayar da ƙarfi. Boris da ya fara ci za ka ji gurzarsa a tafin hannunka tun kafin ya fara wasa.

Mai Tayoyi (Kano):

Ranka ya daɗe Malam, duk abin da Baba na Kaduna ya faɗa haka yake. Amma ni tun da na ga 245/40R19 na tsaya a nan, don sana'ata ce.

Ƙirar 2004 da rim 17 ta saba fitowa, taya 225/55R17, wasu kuma rim 18 da 245/45R18. Lambar tsakiyar nan tana nuna tsayin gefen taya ne, kashi nawa cikin ɗari na faɗinta. Kashi 55 na milimita 225 ya kama kusan milimita 124. Kashi 40 na 245 kuwa 98 ne. Ka ga an cire maka kusan milimita 26 na roba da iska tsakaninka da kwalta. Wannan gefen shi ne ke fara shanye duka kafin ya kai ga shokazoba. Waɗanda suka ƙera motar sun auna sifirin da bushin ɗinta (robobin da ke mahaɗan ƙarafan ƙafarta) ne da taya mai kauri. Ka sa mata siririya, ka hau hanyoyinmu, dole ƙugu ya ji. Ko shokazoba sabbi fil ka sa, da waɗannan tayoyin ba za ta koma yadda ka san ta kawunka ba.

Sai iska. Masu faci da yawa 45 ko 50 suke ɗura wa kowace mota, wai don kada rami ya fasa taya ko ya lanƙwasa rim, musamman in sun ga siririyar taya. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda a manne a jikin ginshiƙin, ita ce ke faɗin iskar da motar ke so. Ka sayi gejinka na hannu ka ajiye a mota, ka auna da sassafe kafin ka motsa ta. In ka auna da rana bayan doguwar tafiya zafi ya riga ya ƙara awon.

Maganar zane da saura kuma, Malam, ita ce ta fi cutar mutane. Duba gefen kowace taya, inda aka rubuta DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2314, mako na 23 ke nan a 2014. Tayar gwanjo takan zo da zane mai kyau amma robar ta bushe ta yi tauri, ga zafin ƙasarmu ya ƙara gasa ta. Irin wannan taya tana gurnani, tana duka, kuma ita ce ke fashewa a kan gudu. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take faɗa wa direbobi. Kamfanin Michelin yana cewa a riƙa duba taya duk shekara in ta kai biyar, kada kuma ta wuce goma ko yaya zanenta yake.

Abu na ƙarshe, ka shafa tafin hannu a kan zanen, musamman ta gefen ciki. In ka ji tudu da kwari, tudu da kwari, to tayar ta cinye ba daidai ba, kuma kukanta da na boris kusan ba a bambance su. Mayar da na baya gaba, na gaba baya, kowace a gefenta. In ƙarar ta bi su, ka kama ɓarawonka.

Mai Irinta (Abuja):

Sannu ɗan'uwa. Ni ma LS430 nake hawa, ƙirar 2005, kuma na daɗe da ita. Na yarda da batun taya, amma ban yarda a ɗora mata laifin duka ba. Ƙwas ɗin da kake ji lokacin birki ba aikin taya ba ne.

A wannan motar akwai wani babban bushin a bayan lowa-am na gaba, wato ƙarfen ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota. Duk mai LS430 da ya daɗe da ita ya san shi. Shi ke riƙe tayar kada ta ja baya idan ta daki rami ko an taka birki. Mota ta kai shekara ashirin, robar nan ta tsattsage, sai tayar ta riƙa ɗan matsawa baya tana dawowa. Shi ne ƙwas ɗin, kuma yana ƙara gum ɗin da kake ji a kan tudun rage gudu. Sa a haska shi da tocila, a sa ƙarfe a ɗan banƙara a gani. A duba bol-join da ƙananan sandunan sitabilaiza a lokaci guda tunda an riga an shiga ƙasa.

In ya tabbata shi ne, roƙona biyu. Kada ka bari a yanko maka roba daga tsohuwar tayar babbar mota a cusa. Zai hana ƙwas ɗin, amma duk kaushin kwalta zai shigo cikin mota ta nan, kuma don gudun haka ka saye ta. Na biyu, kada a ƙarasa ɗaure kusoshin bushin motar tana rataye a kan jak. A sauke ta ta tsaya da nauyinta, sannan a ɗaure. In aka ɗaure tana sama, robar a murɗe za ta zauna, ba za ta daɗe ba ta sake yagewa. Bayan nan a yi alaimen.

Akwai kuma tambayar da ba wanda ya yi maka: motarka mai sifirin ce ko mai iska? Wasu LS430 sun fito da balan iska a madadin sifirin, da kwamfireso da ke hura su. Za ka gane su da maɓallan da ke kusa da giya, ɗaya na ɗaga tsayin mota, ɗaya na SPORT da NORM. In akwai su kuma yana kan SPORT, mayar da shi NORM. In akwai maɓallan amma ka leƙa ƙasa ka ga sifirin na ƙarfe, to an taɓa sauya mata. Sauyin ba laifi ba ne in an sa wanda aka yi don ita. Matsalar, a wajenmu sau da yawa na wata motar ake nemowa a daidaita, tsayi ya yi amma taushi bai yi ba.

Malamin Makaranta (Zariya):

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara buɗi. Na bi abin da kuka ce, ga abin da na samu.

Iska 46 ce a gaba, 48 a baya. Na rage zuwa abin da takardar ƙofa ta ce, kuma tun daga ƙofar gida na ji bambanci, duk da taurin bai tafi duka ba. Tayoyin baya biyu na 2014 ne, na gaba na 2019, kuma kamfaninsu ma ba ɗaya ba. Ta bayan hagu tana da tudu da kwarin nan a gefen ciki, hannu yana jin su sarai. Da muka mayar da su gaba, gurnanin ya dawo ƙarƙashin ƙafata, har sitiyari yana ɗan karkarwa. Totur bai sauya ƙarar ba, karkata sitiyari ma haka.

Motar mai sifirin ce tun asali, babu maɓallan. Bushin ɗin lowa-am na dama kuwa ya rabu gida biyu, na hagu ya fara tsagewa. Shokazoban baya na hagu yana da danshin mai a jikinsa, sauran ukun a bushe suke. Baba na Kaduna, kuɗin hannuna ba za su ɗauki komai a lokaci ɗaya ba. Wanne zan gabatar? Kuma shokazoba ɗayan nan kaɗai zan sauya?

Tsohon Bakanike (Kaduna):

Madalla Malam, yanzu muna magana da abin da ido ya gani. Waɗannan tayoyin na 2014 kada su kwana a gaba, kuma kada ka hau hanyar Kano da su ko a baya ne. Su ne na farko, don wannan maganar rai ce. Tunda sayen taya ya zama dole, kada ka sayi 19. Nemi rim 17 na ainihin motar a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano ko nan Panteka, a ɗora kowanne a injin balansin a juya shi a gabanka ka tabbata bai lanƙwashe ba. Masu ƙyallin nan za su samu mai saye a wurin samari, kuɗinsu ya rage maka nauyi. Tayoyi huɗu iri ɗaya, ka karanta shekararsu da idonka kafin ka biya.

Shokazoban da ke zubar da mai, ga dukkan alamu shi ya cinye tayar da ke kansa, don taya tana tsalle ne a kan kwalta in ba abin da ke danne ta. In ka sa sabuwar taya ka bar shi, haka zai yi mata. Saboda haka shi ne na biyu, kuma kada tazarar ta yi nisa. Biyu za ka sauya, hagu da dama, don in ɗaya sabo ɗaya tsoho motar ba za ta zauna daidai a kwana ba. Na gaba ka bar su tunda a bushe suke, sai an sake fita da motar an ji.

Bushin ɗin su ma biyun tare, kuma sun fi sauran araha, don haka in da hali a yi su rana ɗaya da tayoyin, alaimen ɗaya ya wadatar. Kafin nan ka riƙa taka birki da wuri, ka guji ramuka da tayar dama. In an gama ka sake bin hanyar Tashar Yari a gudun 90, esi da rediyo a kashe, ka zo ka faɗa mana abin da ya rage. In akwai sauran gurnani a lokacin, sai mu koma kan boris da man aksul.