Motata tana tsuwa da safe: in duba da kaina ko in kai wa bakanike?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Yau kusan mako biyu ke nan motata tana wata ƙara mai tsini, kamar tsuwar ɓera, duk lokacin da na tayar da ita da safe. Ƙarar takan yi kamar minti ɗaya sannan ta lafa, amma da zarar na kunna na'urar sanyaya ko na murɗa sitiyari har ƙarshe sai ta dawo, ko da motar tana tsaye. Ta yi tafiyar kilomita 140,000, kuma tun da na saye ta ban canza bel ba. Ina da 'yan sifanu a gida, sai dai ina gudun kada garin neman gira in rasa ido.

Wani tsohon direba:
Wa alaikumus salam. Malam, tunda tana yi motar tana tsaye, to ka cire birki da taya daga zargi. Alamun da ka lissafa duk na fanbel ne. Shi ke juya altanato da injin sanyaya da famfon man sitiyari, a motoci da yawa har da famfon ruwa, don haka idan ya tsufa ko ya saki, sai ya riƙa zamewa a kan fuli, wato faifan da bel ke zagayawa a kai, duk sa'ad da nauyi ya ƙaru. Da safe abin ya fi muni saboda robar ta yi sanyi, ga altanato yana ƙoƙarin mayar wa batir wutar da aka ci wajen tayarwa. Ka kashe injin, ka buɗe bonet, ka haska bel ɗin da tocila ka gani ko ya tsattsage, ko ya yi sheƙi, ko mai yana ɗiga a kansa.

Wani ɗan'uwa:
Ni tawa da ta yi haka, sabulu na goga wa bel ɗin ta yi shiru.

Wani bakanike:
Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, sabulu rufe bakin ƙarar kawai yake yi na kwana ɗaya ko biyu, mai kuwa lalata robar yake yi gaba ɗaya. Yallaɓai mai tambaya, ga gwajin da muke yi wanda kai ma za ka iya: injin yana aiki, ka fesa ruwa kaɗan a gefen bel mai layi-layi, ka nisanta hannu da hannun riga daga duk abin da ke juyawa. Idan ƙarar ta ƙaru, bel ɗin ya saki. Idan ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, galibi wani fuli ne ya karkace. Idan ruwan bai canza komai ba, to boris ne, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe da fuli ke juyawa a kansu, ya fara ci, kuma wannan ba aikin gida ba ne. Kada ganin ido ya ruɗe ka, domin bel na zamani yakan cinye ba tare da ya tsage ba, kuma wanda ya haura kilomita 100,000 ya cancanci a duba shi da kyau. Ranar da ya tsinke a hanya, batir zai daina caji, sitiyari ya yi nauyi, wataƙila injin ya ɗauki zafi.

Wata 'yar'uwa:
Ga mai karantawa wanda tasa sai ya taka birki take tsuwa: akwai ɗan ƙarfe a jikin fad ɗin birki wanda aka sa da gangan ya goga farantin birkin idan kaurin fad ɗin ya koma kamar milimita 2 zuwa 3. Wannan kam gareji ake kaiwa ba tare da jinkiri ba.

Mai neman shawara:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na fesa ruwan, ƙarar ta ƙaru sosai. Na nemi kusoshin da zan ɗaure bel ɗin ban samu ba, ashe tenshina mai sifirin ce da ita, wato abin da ke tamke bel da kansa. Malam bakanike, bel kaɗai zan canza?

Bakanike:
A'a, yallaɓai. Idan sifirin ya mutu, sabon bel ma zai yi tsuwa. Ka kawo ta a cire bel ɗin, a juya kowane fuli da hannu, a canza bel da tenshina tare idan ta gaza.